Sati biyar ina fita aikin da babu shi

Ranar da aka sallame ni daga aiki ban yi kuka ba, ko murya ban ɗaga ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya manaja ya kira ni ofishinsa, yace in zauna, ya turo min wata farar ambulan ta kan tebur yana ta kame-kame, wai rage ma'aikata ake yi, wai ba laifina ba ne, wai in abubuwa sun daidaita ni za a fara nema. Ni kuma kamar wani sakarai har da cewa na gode ranka ya daɗe. Na gode fa! Shekara bakwai ina wajen nan, ni ne farkon zuwa ni ne ƙarshen tashi, amma abin da ya fito daga bakina kenan.

Washegari na tashi kamar kullum, na yi wanka, na goge takalmi, na saka rigar da uwargida ta goge min tun dare, tace a dawo lafiya nace Allah ya sa, na fice. Haka na yi ta yi har sati biyar cur. In na fita sai in je wani laburare in zauna a can ƙurya in buɗe littafin da ko layi ɗaya ba na ganewa, in an gaji da ganina in koma wani benci a gindin bishiya in yi ta danna waya har caji ya ƙare, in yamma ta yi in dawo gida da fuskar wanda ya gaji da aiki. Kuma wallahi a gajiye nake dawowa, don zaman banza da ƙarya sun fi kowane aiki cin jiki.

Shekara huɗu kenan yanzu. Abin da ya sa na tono maganar shi ne kwanan nan na ga ana ta yawo da irin rubutun nan na cewa duk wata wahala alheri ce, ka yi murmushi kawai, ka kori baƙin tunani, kaza-kaza. Ni kam ina cikin waɗanda za su iya cewa wahala ta haifar musu da alheri, amma yadda ake faɗin abin yana ba ni haushi, domin a lokacin da nake ciki duk wanda ya dafa kafaɗata yace min "wataƙila alheri ne" ji nake kamar in kwaɗa masa mari. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Sai dai ya faɗe ta ne don ya huta da ganin fuskata, ba don ni in samu sauƙi ba.

Akwai wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, da ya je Indiya a 1946 ya yi shekaru yana aiki da masu cutar kuturta a garin Vellore. A wancan lokacin kowa ya ɗauka cutar ce da kanta take cinye yatsun mutum har su guntule. Shi ne ya tsaya ya lura cewa abin da cutar take yi shi ne kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, shikenan sai mutum ya taka ƙusa ya wuni yana yawo da ita bai sani ba, ya riƙe abu mai zafi har fatarsa ta ƙone yana ta hirarsa, takalmi ya matse shi ya yi gyambo gyambon ya ruɓe shi ko a jikinsa. Ya ba da labarin wani yaro da ya murɗa makullin wani kwaɗo mai tsatsa wanda shi likitan ya kasa buɗewa, yaron ya buɗe kam, amma da aka duba yatsan ya tsage har ƙashi, kuma yaron bai ji komai ba. Har ɓeraye sukan gwaguyi yatsun marasa lafiyar cikin dare suna barci, abin da ya sa aka riƙa haɗa su da mage in za su koma gida.

Wajen da ya fi tsaya min a rai shi ne daga baya, da ya koma Amurka, shi da abokan aikinsa sun yi ƙoƙarin ƙera wa mutanen nan zafi na roba, wato safar hannu da ta ƙafa masu na'ura da za ta yi gargaɗi in mutum ya matsa wa hannunsa fiye da kima. Aka gwada ƙara, aka gwada fitila, mutane suka yi biris da su. Aka koma ɗan jan lantarki mai zafi, nan ma in mutum zai yi wani aiki mai nauyi sai ya kashe na'urar, ya gama ɓarnar, ya sake kunnawa. Aikin bai je ko'ina ba. Gargaɗin da za ka iya kashewa duk sanda ka ga dama ba ya kare kowa. Shi ya sa Brand yake kiran zafi kyauta. Mu kuma dama muna cewa jiki magayi.

To ni a sati biyar ɗin nan abin da nake yi kenan, kashe na'ura. Zuciyata tana ta ihu ni kuma ina ta goge takalmi.

Kuma abin da ke cikin zuciya ba a iya kashe shi, wannan ma an gwada. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Daniel Wegner ya zaunar da mutane yace musu na minti biyar kar su kuskura su yi tunanin farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, duk sanda ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ai kuwa ƙararrawa ta sha kaɗawa. Da aka ce to yanzu ku yi tunaninta, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tunanin. Duk wanda ya taɓa kwanciya ƙarfe uku na dare yana ce wa kansa "daina tunanin nan ka yi barci" ya san wannan ba sai an kai shi ɗakin gwaji ba.

Yadda asirina ya tonu abin dariya ne yanzu, a lokacin kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani dare tana tsaye tana goge min rigar gobe, ba ta ko ɗago kai ba tace, "Maigida, gobe ka huta mana, ka daina wahalar da kanka haka nan. Na sani tun sati na biyu." Na yi tsuru-tsuru, can nace wa ya gaya miki? Tace babu kowa. "Shekara nawa kullum ka dawo sai ka yi min mitar mutumin nan na ofis ɗinku mai ɗora maka aikinsa, rana ɗaya ka daina. Kuma katin wuyanka yana cikin durowa tun ran nan." Nace to me ya sa kika ci gaba da gugar? Ta kashe dutsen guga tace, "Na ga kamar ita ce ta rage maka, shi ya sa ban so in ƙwace ba."

A daren nan na yi kukan da ban yi a ofishin manaja ba, irin kukan nan mai majina da shessheka wanda namiji ba ya son a gani. Kuma shi ne daren farko da na yi barci har gari ya waye.

Daga nan ne na fara sauraron abubuwan da nake ji ɗaya bayan ɗaya maimakon in dunƙule su in ce "ba komai". Tsoro shi ya fi sauƙin ganewa, cewa yake zauna ka yi lissafi, kuma da muka zauna da biro da takarda muka rubuta abin da ke hannu da abin da ke fita duk wata, sai dodon ya zama lamba, lambar ba ta da daɗin gani amma dai lamba ce, ana iya yi mata dabara. Kunya ta fi wuya. Sai da na daɗe kafin na yarda cewa abin da take nuna min shi ne na ɗaure duk mutuncina a jikin wani katin roba mai hotona, har ina ganin in babu shi matar da muka shekara tara tare za ta daina ganin girmana. Wannan ba ƙaramin raini ba ne na yi mata, ban kuwa taɓa sanin ina ɗauke da shi ba sai da aikin ya tafi.

Amma wadda ta fi ba ni mamaki ita ce hassada, kuma ita ce mutane ba sa son amsawa, kowa zai ce maka yana fushi ko yana baƙin ciki amma da wuya ka ji wanda yace ina hassada. Ina da abokai da suka fi ni kuɗi nesa ba kusa ba, masu saka hoton sabuwar mota a Facebook, in danna musu layik in wuce ko ɗar ban ji ba. Amma akwai wani abokina tun na makaranta, malami ne, abin da yake samu bai kai nawa na da ba, in ya saka hoton allo da ɗalibansa a sitatus sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji, har na taɓa yin miyut ɗinsa don kar in riƙa gani. Wata rana na tambayi kaina, kai wai me ya sa shi? Me ya sa ba masu motar ba? Amsar tana nan tun ina ɗan shekara ashirin, koyarwa nake so, na bar ta ne don an ce ba ta da maiƙo. Hassada mugun ciwo ce in ka bar ta ta koma fatan wani ya rasa, wannan babu ja. Sai dai kafin ta kai can tana nuna maka da yatsa daidai abin da ranka yake so, kuma ba ta iya ƙarya ba, ba kamar bakinka ba da zai ce kai ai ka gode Allah ba ka son komai.

Yanzu lissafi nake koyarwa. Abin da nake samu bai kai na da ba, kar wani ya ɗauka irin labarin nan ne na an kore shi ya zama miloniya.

Shi baƙin ciki kuwa wani irin nutsuwa yake kawowa mai nauyi, ya rage maka gudu, ka fara ganin abin da da kake wucewa. Wani mai bincike a Ostareliya, Joseph Forgas, ya taɓa jera ƙananan kayayyaki guda 10 a kan kantar wani shago a Sidni, ana tare mutane in sun fito a tambaye su me suka gani. Waɗanda suka shiga ranar da gari ya yi duhu ana ruwa, rai a ɗan jagule, sun fi tuna kayan sosai a kan waɗanda suka shiga ranar da gari ya yi wasai kowa na nishaɗi. Ni ma a watannin nan ne na lura ɗana yana in'ina in ya tsorata, yaron da muke kwana gida ɗaya, shekara biyar ban taɓa lura ba saboda kullum a guje nake.

Fushi ma haka, in ya samu inda zai zuba. A watan Mayu na 1980 a Kalifoniya wani direba da ya sha ya bugu, wanda ba ranar ya fara ba, ya banke wata yarinya 'yar shekara 13 ta mutu. Mahaifiyarta Candy Lightner ta ga yadda ake ɗaukar irin wannan laifi da sauƙi, fushin bai bar ta ta zauna ba, a shekarar ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, wato MADD, kuma matsin lambarsu na cikin abin da ya sa a 1984 aka yi dokar da ta kai shekarun sayen giya 21 a faɗin Amurka. Da ta bi shawarar masu cewa ki yi haƙuri ki manta, da ba a yi ba. Amma dan Allah a tsaya a nan a yi tunani, in ka je ka tambayi matar nan ta zaɓa tsakanin dokar da 'yarta, me kake jin za ta ce? Alherin da ya fito bai biya ta abin da ta rasa ba, kusa da shi kawai ya tsiro.

Nan ne nake rabuwa da masu wa'azin "wuya ba ta kisa". Tana kisa mana. Akwai wani babban bincike da aka fitar a 1998 a Amurka, na Felitti da Anda, a kan mutum sama da 9,000, aka tambaye su irin abin da suka gani suna yara, duka, cin zarafi, gidan da ake shaye-shaye ko ake dukan uwa. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye, haɗarin su faɗa shaye-shaye ko ciwon damuwa ko yunƙurin kashe kai ya ninka na sauran sau 4 zuwa 12. Wannan wahalar ba ta gina kowa ba, rusa yara ta yi tun ba su san sunanta ba. Wani kuma, Mark Seery da abokan aikinsa, sun bi mutum 2,398 na wasu shekaru suka fitar da sakamako a 2010, suka ga waɗanda suka fi kwanciyar hankali su ne waɗanda suka taɓa shan wuya daidai gwargwado. Sun fi waɗanda masifa ta yi wa rubdugu, sun kuma fi waɗanda ba su taɓa ganin komai ba. Wato abin yana da ma'auni.

Kamar ƙashi ne. 'Yan sama jannati da ke zama a tashar sararin samaniya, inda babu nauyin da ke danna jiki, ƙashin ƙugu da na ƙafarsu yana raguwa da wajen kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 duk wata, shi ya sa suke shafe kusan awa biyu kullum suna motsa jiki. Ƙashi yana son nauyi. Amma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ka ji ƙaras, kuma ko mai ɗaga ƙarfe ya san ba lokacin ɗagawar tsoka take ginuwa ba, sai an ajiye an huta. Nawa nauyin mai ɗaukuwa ne, ina da lafiya, ina da takardu, ina da matar da ta kashe dutsen guga ta zauna kusa da ni. Wani irin wannan sallamar ce za ta same shi ga mara lafiya a kwance ga bashi ga babu mai ce masa sannu, in ya durƙushe ba don na fi shi imani ko jarumta ba ne.

Har shi Viktor Frankl da ake yawan kafa hujja da shi, likitan ƙwaƙwalwan nan na Biyana da ya yi daga 1942 zuwa 1945 a sansanonin 'yan Nazi, ya fito ya tarar babu matarsa babu iyayensa babu ɗan'uwansa, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana koyar da cewa mutum zai iya samun ma'ana a cikin wahala, shi da kansa ya ja kunne cewa wahalar da za a iya kawarwa to a kawar da ita, zama cikinta da gangan ba jarumta ba ce. Wannan ɓangaren ne ba a cika sakawa a sitatus ba. Kuma in baƙin ciki ya wuce sati biyu ya hana ka barci ya hana ka tashi, komai ya fita daga ranka, ko ka fara jin gara ma babu kai, wannan ya tashi daga ɗan aike ya zama ciwo, likita ake nema, babu abin kunya a ciki.

Wani abin kuma da nake tuhumar kaina da shi, anya ma na canza ɗin kamar yadda nake faɗa? Tedeschi da Calhoun, waɗanda a tsakiyar shekarun 1990 suka yi fice da binciken yadda mutane ke ƙaruwa bayan masifa, sun ce mutane sukan ba da labarin sun ƙara sanin darajar rayuwa, sun ƙara kusanci da nasu, sun gano ƙarfin da ba su san suna da shi ba, sun ga sabuwar hanya, imaninsu ya ƙara zurfi. Duk na ji su a jikina. Amma a 2009 Patricia Frazier da wasu suka auna ɗalibai kafin wani abu ya same su da kuma bayan ya same su, sai aka ga yawan cewa "na ƙaru" bai cika tafiya daidai da canjin da aka auna ba. Na yi dariya da na karanta, don na san halin ɗan Adam, muna son labarinmu ya yi daɗin ji. Shi ya sa na tambayi uwargida ran nan ko na canza. Tace, "Ka rage ƙarya, ka fi sauraro. Amma saurin fushin nan yana nan daram." To kun ji.

Ni dai abin da ya fi sanyaya min rai ba binciken Turawa ba ne. Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suna ce masa ba za ka daina ambatonsa ba sai ka halaka, shi kuma yace Allah kaɗai yake kai wa kukansa. Annabi ne fa, kuma shi ne mai haƙuri mai kyau. Ashe haƙuri da hawaye suna zama a ido ɗaya. Mu ne muka mai da haƙuri ya zama ka shanye ka yi shiru ka goge takalmi ka fita.

Watan jiya wajen ƙarfe goma na dare wani yaro da muka yi aiki tare a tsohon wajen ya kira ni, yana gama gaisuwa na gane, muryar nan ce mai fara'ar da ta yi yawa. Yace, "Yaya, dama cewa na yi bari in gaishe ka." Nace kana ina? Yace yana zaune a mota a ƙofar gida tun magariba, ya kasa shiga. Na saka takalmi na je. Na buɗe ɗaya ƙofar na zauna, ga ambulan ɗin nan fara a kan dashbod ko buɗe ta bai yi ba. Maganar "wataƙila alheri ne" ta zo min har bakin leɓe, wallahi ta zo, na haɗiye ta. Muka yi shiru wajen minti ashirin, can yace, "Yaya, ya zan gaya mata?" Nace ina jin ta riga ta leƙo ta taga ta ga motar tun ɗazu. Ya yi wata 'yar dariya da ta koma kuka, na bar shi ya yi mai isarsa. Da ya share fuska nace muje in raka ka bakin ƙofa, gobe da yamma kuma zan dawo, ka nemo biro da takarda.